Kukan ƙauyenku ba cin amanar ƙasa ba ne

Wani matashi mai koyarwa a makarantar firamare nan Maraɗi ya aiko mini da tambaya. Ga abin da ya ce a taƙaice. Ɓarayin daji sun shiga ƙauyensu a yankin Madarunfa da dare, sun kore shanu, sun tafi da kawunsa. Cikin ɓacin rai ya yi saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan fadarsu, ya ce an bar talakan karkara ba mai kare su. Sai abokinsa na ƙuruciya ya mayar masa da cewa ƙasa tana cikin yaƙi, duk mai irin wannan magana a yanzu apatirid ne, wato maci amanar ƙasa, maƙiya yake yi wa aiki. Ya rufe da cewa: "Baba, kai da ka tsufa a aikin rediyo, shin kishin ƙasa shi ne in yi shiru? Kuma ina iyakar abin da zan iya faɗi?"

Ɗana, da farko ina yi maka jaje. Allah ya kuɓutar da kawunka, ya mayar da shi cikin iyalinsa lafiya. Amsata kai tsaye ita ce: wanda aka sace masa kawu ya yi kuka bai ci amanar kowa ba. Amma tambayarka ta biyu, ta iyaka, tana da nauyi fiye da yadda kake zato, don haka ka yi haƙuri da ni in ja maganar.

Zan fara da abokinka, domin ba na son ka ɗauke shi mahaukaci ko ɗan koren wani. Ka tuna abin da garin nan ya gani bayan 26 ga Yulin 2023. Kwana huɗu da juyin mulki ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba mana takunkumi, ta kuma yi barazanar turo soja. Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Aka rufe iyaka, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da muke bi kamar hanyar gona ta zama sai ta ɓarauniya. Maraɗi kuwa da kasuwa take numfashi, kasuwar nan kuma rabinta Katsina da Kano ne. Na ga manyan motoci jere sun yi makonni ba motsi, na ga mai ciwon suga yana yawon neman maganinsa daga wannan kanti zuwa wancan. Sai a 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Mutumin da ya sha wannan, ya ji ana shirin kawo wa ƙasarsa yaƙi daga waje, dole zuciyarsa ta taurare. Da aka ce "zancen ƙasa ne", har cikin ransa ya ji ta, kuma da gaskiyarsa, domin ba wanda ke son a taka ƙasar ubansa. Tsoron da ke bayan maganarsa shi ne kada bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Ni ma ina da wannan tsoron.

Inda muka rabu da shi shi ne ya haɗa abu biyu ya ɗaure da igiya ɗaya: ƙasa da masu riƙe da ita. Ƙasa ita ce kawunka, da shanunsa, da gonar da ba a noma ba bana saboda tsoro, da sojan da ke kwana a daji. Masu mulki amana aka ba su, ko suka ɗauka, ta kula da waɗannan. Na rayu na ga Diori, na ga Kunce, na ga Ali Saibu, Mahamman Usman, Ba'are, Wanke, Tanja, Salu Jibo, Isufu, Bazum, ga Janar Tiani yau. Kowannensu a zamaninsa akwai masu cewa sukarsa sukar Nijar ce. Goma sun wuce, Nijar tana nan.

Ita kanta kalmar da aka jefe ka da ita, ka duba yadda take yawo. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumban 1958, Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a kaɗa "a'a", a karɓi 'yanci nan take daga Faransa. Suka sha kaye, aka haramta jam'iyyar a 1959, shi ya yi gudun hijira, mutanensa suka sha ɗauri da kisa, aka shekara da shekaru ana kiransu maƙiyan ƙasa. Da ya dawo ma sai da ya sha kurkuku a zamanin Kunce. To a watan Oktoban 2024 babban titin Yamai da ke ɗauke da sunan De Gaulle aka sauya masa suna, ya koma titin Jibo Bakari. Kar ma ka je nesa. Abdullahi Saidu, jagoran ƙungiyar M62 da ta yi ta neman sojan Faransa su fita, an tsare shi a farkon 2023 zamanin Bazum, aka yanke masa wata tara kan zargin yaɗa bayanan da ke dagula zaman lafiyar jama'a, saboda abin da ƙungiyarsu ta faɗa game da mutanen da suka mutu a Tamu. Bayan juyin mulki ya fito, a 2025 ya zama ministan kasuwanci. Ra'ayin da ake tafa wa yau a dandali, shekara kaɗan baya shi ne ake hana wa zanga-zanga. Da masu wannan ra'ayi sun bi shawarar abokinka a lokacin, sun ce ƙasa tana yaƙi da 'yan ta'adda don haka a yi shiru, da ba a zo inda yake alfahari da shi ba.

Kuma wannan ba halin Nijar kaɗai ba ne. Amurka da ke yi wa duniya wa'azin 'yancin magana, a 1918 lokacin yaƙin duniya na farko ta yanke wa ɗan siyasa Eugene Debs shekara 10 saboda jawabi guda da ya yi na ƙin yaƙin. Maƙwabtanmu na Najeriya a 1984 sun yi doka mai lamba 4 da aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian da ita. Duk gwamnatin da ta ji wuta, abin da ke fara ba ta haushi shi ne bakin mutanenta.

Bari in ba ka abin da na gani da idona, wanda shi ya zaunar da ni a kan ra'ayin da nake kai. Kana yaro a 2005. Daminar 2004 ruwa ya yanke da wuri, fara ta bi ta cinye saura. Kafin a kai watan Yuni tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka, mutanen karkara suka koma anza da ganyen tafasa. Jihar nan ta Maraɗi ita ce tsakiyar masifar. Na je wata cibiyar kula da yara masu tamowa da na'urar ɗaukar murya a hannuna. Akwai wata mata daga wajen Gidan Runji, zaune a tabarma, da yaro a cinya wanda ta ce shekararsa biyu. Aka zagaya masa ɗan tef ɗin awo a damtse, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Yaron ko kuka ba ya yi, ƙarfin kukan ma babu. Na tambaye ta me ya hana ta zuwa da wuri. Ta ce: "Malam, an ce mana babu yunwa, to ni wa zan ce wa ɗana yunwa ke cinsa?" Na koma da muryarta. Kafin in sa ta a iska wani babba ya kira ni, ya ce in ji tsoron Allah, kar in tona wa ƙasa asiri a gaban Turawa. Na riƙe muryar nan kwana uku ban sa ba, kuma har yau kwana ukun nan suna damuna. A watan Agustan shekarar shugaba Tanja da kansa ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, mutane ma da alamar ƙoshi. Shekara uku bayan haka, a 2008, aka dakatar da aikin likitocin agaji na MSF na Faransa a Maraɗi, har suka tattara suka tafi.

Ban kawo wannan don in ci mutuncin Tanja ba. Mutum ne mai kishi, ya yi wa karkara ayyukan da har yau ake ambato, Allah ya jiƙansa. Kishin ne ma ya sa yake jin kunyar a nuna yaranmu a talabijin ɗin duniya ƙashi da fata. Amma abincin da ya ceci yaran da suka rayu, sai da aka yi magana ya zo. Waɗanda suka yi maganar, an kira su masu ɓata sunan ƙasa. Ka auna da kanka wa ya fi yi wa Nijar aiki a wannan shekara.

Abokinka zai ce yunwa daban, yaƙi daban. To mu zo kan yaƙin. A 10 ga Disamban 2019 aka kashe mana soja 71 a Inates. Wata guda bayan nan, a 9 ga Janairun 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Ƙasa duka ta yi makoki. A cikin wannan makokin ne binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito, ya nuna kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta a kwangilolin sayen makamai, ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Waɗanda suka fito a Yamai a 15 ga Maris na 2020 suna neman a hukunta masu hannu, an tarwatsa su, an kama shugabanninsu. 'Yar jarida Samira Sabu ta yi makonni a kurkuku a shekarar kan rubutun da ta yi a Facebook dangane da batun. A lokacin ma an ce ana yaƙi, ba a son abin da zai karya wa soja gwiwa. Ni kuwa na tabbata abin da ke karya gwiwar soja shi ne ya ja kunamar bindiga ta ƙi tashi, ko ya nemi ɗauki a ce motar ba ta da lafiya alhali an fitar da kuɗinta. Wanda ya tambayi ina kuɗin makamai suka shiga, sojan nan yake karewa. Lokacin yaƙi kuɗi ke fita da yawa, a ɓoye, cikin gaggawa, don haka lokacin ne aka fi bukatar masu tambaya.

Addininmu ma bai ce a rufe baki don ana yaƙi ba. A Badar, Hubabu ɗan Munzir ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi. Da ya ji dabara ce, ya ce ba nan ya dace ba, a matsa kusa da ruwa, kuma aka bi shawararsa. Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a cewa ya yi in ya kyautata a taimake shi, in ya karkace a miƙe shi. Hadisin "addini nasiha ne" kuwa ya ambaci shugabannin Musulmi a cikin waɗanda ake yi wa nasihar. Mu ma a Hausa mun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma ina son ka saurare shi da kunnen da ka saurari na farko. Akwai maganar da lokacin yaƙi ke haramtawa da gaske, kuma ni na taɓa faɗawa ciki. Wata rana wani ya kira ni a waya yana haki, ya ce ga ɓarayi can bisa babura sun nufo wata kasuwar ƙauye. Ban kira kowa na tabbatar ba, na faɗa a iska. Kasuwa ta watse, mata suka zubar da kayansu, wata tsohuwa ta faɗi ta karye a hannu. Ashe 'yan rakiyar amarya ne. Niyyata ceto ce, amma hannun tsohuwar nan ni na karya shi. Tun daga ranar ayar nan ta 83 a Suratun Nisa'i ta zauna mini a rai, inda Allah ya zargi waɗanda in labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga waɗanda za su iya tantancewa. A yau kowa rediyo ne, tunda kowa da waya a aljihu, kuma saƙon murya ɗaya kafin la'asar ya kai Dakoro da Tasawa har Zamfara.

Saboda haka in ka ga ayarin soja ya bi hanyar Gabi ko ya nufi dajin Baban Rafi, ba ka da ikon ɗaukar hoto ko faɗin yawansu da inda suka dosa. Ɓarayin nan suna da waya, suna da masu kai musu rahoto a cikin garuruwa, wani lokaci ma a cikin zauren da kake ganin na 'yan'uwa ne. Haka hoton gawar soja, haka sunan wanda ya tsegunta wa hukuma maɓoyar ɓarayi, wannan kai tsaye ka sa a yanka shi. Haka labarin da ba ka tabbatar ba. Sai kuma wadda ta fi ba ni tsoro a jihar nan: ɗora laifin ɓarayi a kan ƙabila guda. Duk wanda ya ce Fulani ne matsalarmu, a kore su, ya kunna wutar da sai ta cinye gidansa, alhali rugagen Fulani su ma ana kore musu shanu, ana sace musu mutane. Ruwanda a 1994 da gidan rediyo aka riƙa nuna wa makasa waɗanda za su kashe. Irin waɗannan maganganu, ko hukuma ba ta hana ba, hankali da imani sun hana.

Dokar duniya ma haka ta tsara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, a sashe na 19 ta ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, ta kuma yarda a taƙaita shi saboda tsaron ƙasa, da sharaɗin a rubuta taƙaitawar a doka kuma ta zama dole ce ta sa. Ma'aunin da nake koya wa matasan 'yan jarida ke nan: ka tambayi kanka, maganar nan in ta fita me abokin gaba zai samu a cikinta da bai da shi? In ta ba shi hanya, ko lokaci, ko suna, haɗiye ta. In kuwa abin da za ta jawo kawai shi ne wani mai kujera ya ji kunya, to wannan ba sirrin tsaro ba ne. Ɓarayin da suka shiga ƙauyenku sun riga kowa sanin cewa ba su tarar da kowa ba. Saƙonka bai ƙara musu ilimin komai ba.

Sai dai zan cuce ka in na tsaya a kan abin da ya kamata, ban gaya maka abin da ke ƙasa ba. Kundin tsarin mulkin 2010 an jingine shi tun 2023. A 2010 Nijar ta cire ɗauri daga laifuffukan aikin jarida, a 2022 aka sassauta dokar laifuffukan intanet ta 2019, amma a watan Yunin 2024 aka mayar da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi ta intanet, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da aka ga zai dagula zaman lafiyar jama'a. Wannan kalma ta ƙarshe faɗi gare ta ƙwarai, kuma kasancewar maganarka gaskiya ba lalle ya fitar da kai ba. Saƙon WhatsApp yana ciki. A watan Agustan 2024 aka kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, wanda ya ba da damar ƙwace wa mutum zama ɗan ƙasa na wucin gadi, kuma an yi amfani da shi a kan wasu na kusa da Bazum. An dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, aka dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. A watan ne kuma aka kama Musa Cangari na ƙungiyar Alternative, mutumin da ya taɓa shan kamu a zamanin Tanja da na Isufu. Ra'ayina a fili yake: dokar da ta yi faɗi haka tana toshe wa shugaba kunne, ta bar shi da masu gaya masa abin da yake son ji, kuma shugaban da ke yaƙi ya fi kowa bukatar labarin gaskiya daga ƙauye. Ina fata a sake duba ta. Amma kafin a duba, ita ke aiki, kai kuma ma'aikacin gwamnati ne mai iyali, ga kawu a hannun ɓarayi.

To me za ka yi? Na saurari yadda ka kawo maganarka, kuma wuri guda zan gyara maka. Ka ce "an bar talaka ba mai kare shi". Wannan hukunci ne a kan kowa da kowa, har da jandarman da ya kwana a kan babur yana sintiri, kuma shi ya ba abokinka ƙofar shiga. Da ka ce ranar kaza, da ƙarfe kaza, an shiga ƙauyenmu, an kira waya, ɗauki bai iso ba sai da safe, muna roƙon a kafa mana sansani ko a ƙara sintiri, da ba wanda ya isa ya ƙaryata ka, kuma da ka ba hukuma abin da za ta yi aiki da shi. Magana zarar bunu ce, wadda aka yi cikin fushi ta fi wuyar mayarwa. Ka faɗi abin da ka gani, ka bar zagi, ka bar abin da aka ce an ce.

Sannan ka kai kukan inda zai yi amfani. Zauren WhatsApp ba ya tura soja. Ku haɗu da maigari da liman da dattawan ƙauyen, ku rubuta takarda da kwanan wata da adadin dabbobin da aka kora da mutanen da aka ɗauka, ku kai wa hakimi, ku kai wa shugaban gundumar Madarunfa, ku ajiye kwafi. Sarakunanmu, daga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi har ta Sarkin Gobir a Tsibiri, suna da bakin da ake ji a wurin gwamna. Mutum goma da takarda sun fi mutum ɗaya da waya kariya, sun kuma fi shi tasiri. In an yi shiru ku koma, ku sake komawa. Game da kawunka kuma, kar ka sa komai a intanet kan inda ake zaton yake ko abin da ake tattaunawa, don wannan yana iya jawo masa lahani.

Shi kuwa abokinka, kar ka amsa masa a zaure inda kowa ke neman a ce shi ya yi nasara. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka ce ya raka ka ƙauyen ranar Juma'a ku gaida matar kawunka. Ya ga garken da babu komai sai turaku, ya zauna da yaran. Ba sai ka yi masa gardamar komai ba a hanyar dawowa. In an samu labarin kawun naka, ka sanar da ni ko da dare ne.